Zobban Gwanjo daga Digil

Vandi Zacharia Kwaji ya rasu ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, a gidansa da ke Wuro Patuji, yana da shekara sittin da shida. A wajen jana'iza an ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, wanda ba ya makara zuwa sujada. Duk gaskiya ne, sai dai da irin waɗannan kalmomi ake binne kowa. Na yi aiki da shi shekara ashirin da biyu a makarantar 'yan mata, daga baya kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Saboda haka zan rubuta abin da na sani, ba abin da ya dace a faɗa a gaban gawa ba.

An haife shi a wani ƙauye a kan duwatsun Michika. Ya sauko Mubi yana saurayi da takardar gama sakandare, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarmu. Aikinsa shi ne wanke kwalabe, da jera su, da auna sinadarai kafin malami ya shigo. Malaman kimiyya sun zo sun wuce a gabansa, kuma da yawa daga cikinsu shi ya nuna musu yadda ake kunna fitilar gas ba tare da an ƙone gira ba. Amma shekara talatin da ɗaya ba a taɓa barinsa ya tsaya a gaban allo ba. Ɗalibai suna kiransa Baba Kwalba. Yakan yi murmushi kamar sunan bai dame shi ba. Ya dame shi.

A shekarar 2014, da 'yan ta'adda suka shiga Mubi aka watse daga gari, ya fita da ƙafa tare da matarsa Ƙauna da 'yarsu Mercy. Da suka dawo, sun tarar da gida babu ƙofa ko ɗaya, tsofaffin littattafan kimiyyar da ya tara kuma an hura wuta da su a tsakar gida. Bai cika yin maganar ba. Ya koma aiki, ya yi ritaya a 2019, ya gina kwami uku na siminti a bayan gida, ya fara kiwon tarwaɗa.

Abin da ya fi cin ransa a sana'ar shi ne 'ya'yan kifi. Daga nesa ake kawo su cikin jarkoki, a bayan mota, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Kafin su iso Mubi wasu sun mutu, waɗanda suka rage kuma sun galabaita. Sai Vandi ya ƙudura cewa zai ƙyanƙyashe nasa a nan. Daga kowane zubi yakan ware wanda ya fi lafiya da saurin girma, ya ƙi sayarwa, ko da masu gasa kifi na bakin titi sun nace. A cikin shekara uku da rabi ya tara iyaye goma sha biyu, mata takwas, maza huɗu, kowanne ya kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa kafaɗa. Su kaɗai suke zaune a kwami na uku. Shirinsa shi ne da faɗuwar ruwan farko zai yi wa matan allura, ya tatsi ƙwai, ya fitar da 'ya'yan kifin da ba su taɓa shiga mota ba.

Yakan kira ni ta kan katanga in zo in gani.

"Malama, duba wannan. Mace ne. Cikinsa ya cika da ƙwai."

"Mace ce, Malam Vandi. Cikinta ya cika."

"To, ya ji. Amma bai damu ba."

Haka muke tun muna makaranta. Hausarsa irin ta kasuwar Mubi ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kuma ban taɓa fasa gyara masa ba, shi ma bai taɓa gyaruwa ba. Ni kaɗai ce a cikin ma'aikata nake ce masa Malam. Ina jin saboda haka yake jure mini.

A ranin bana rijiyarsa ta yi ƙasa tun watan Janairu. Tarwaɗa tana ɓata ruwa da sauri, manya kuma sun fi. Da can yakan zubar da rabin ruwan kwami duk kwana biyu ya cika da sabo. Yanzu rijiyar ba ta ba da ko na girki sai an jira. 'Yan ga-ruwa ba za su iya shayar da kwami uku ba. Ya sayar da kifin kwami na ɗaya da na biyu tun ba su kai ba, ya bar iyayen. Sannan ya zauna ya zana mataci, wanda masu sana'ar suke kira filta: durom biyu na roba, da tiyo, da ƙaramin famfo mai aiki da sola. Ruwa zai fita daga kwami, ya ratsa durom na farko ya bar dauɗarsa, ya ratsa na biyu, ya komo.

Durom na biyu shi ne zuciyar abin. A cikinsa ake zuba waɗansu ƙananan zobba na tangaran, masu ƙofofi kamar soso, da waɗansu na roba masu kamar tayar keken wasan yara. Vandi ya yi mini bayani, yana tsaye, hannu ɗaya a baya, kamar yadda malaman kimiyya suke yi.

"Zobe shi kansa ba ya tace komai, Malama. Gida ne kawai. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke zama a jikinsa, suna cin gubar da kifi yake fitarwa. In zobe sabo ne, gidan babu kowa. Sai an jira sati biyar, sati shida, kafin su taru. Rijiya ba zai ba ni sati shida ba."

"To mene ne mafita?"

"Gwanjo. Wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, yana jiƙe, masu gidan suna ciki. Shi ne kaya ɗaya a duniya da tsohonsa ya fi sabonsa."

Wani mai sayar da abincin kifi ya gaya masa cewa akwai Alhaji Babakura a Digil, ɗan kasuwa daga cikin mutanen Borno da suka zauna a nan, wanda ya gwada kiwon kifi, yanzu kuma yana neman rabuwa da kayansa. Ranar Asabar, goma sha biyar ga Fabrairu, Vandi ya ɗauki keke-napep da jarkoki shida waɗanda ya yanke wa baki, ya tafi. Ya tarar da famfon Alhajin bai daɗe da tsayawa ba, zobban suna cikin ruwa, sun yi ruwan ƙasa, suna santsi. Ya shinshina su, ya ce ƙamshin ƙasar damina suke yi, alamar suna da rai. Ya kwashe su da ruwansu, ya lulluɓe jarkokin da jiƙaƙƙen buhu, ya hana mai keke tsayawa ko'ina a hanya.

Ina tsakar gidansu lokacin da ya iso. Ƙauna ta leƙa jarka ɗaya, ta ja da baya.

"Baban Mercy, wannan ƙazantar ka saya?"

"Ba ƙazanta ba ne."

"Bari in ɗora ruwan zafi. Akwai omo, akwai sauran farin ruwan wanki."

"Kar ki taɓa."

"Ko rigar gwanjo ce, sai na tafasa ta na shanya kafin ta shiga ɗaki. Ba ka san jikin da ta fito ba."

"Riga daban, wannan daban. In kin wanke, kin kashe abin da na je nema. Duwatsu kawai za ki bar mini."

"Kai da ka tsufa a wanke kwalba."

"Shi ya sa na san abin da ba a wankewa."

Ƙauna ta dube ni don in sa baki. Ban sa ba, domin bayaninsa ya gamsar da ni, kuma har yau ban ce bayanin ba daidai ba ne. Na dai tambaye shi, don hira kawai, me ya sa Alhajin yake sayar da kayansa.

"Na tambaye shi," in ji Vandi. "Ya ce kifayensa ya ƙare."

"Sun ƙare," na ce. "Kifaye jam'i ne."

"Sun ƙare. Na gode, Malama."

Muka yi dariya, ya ci gaba da juye zobba a durom. Shekara talatin da biyar na koyar da Hausa. Na sha gaya wa ɗalibai cewa ƙarewa kalma ce mai fuska biyu: kayan shago sukan ƙare don an saye su, mutanen gida sukan ƙare don annoba ta shiga. A ranar na ji kuskuren nahawu, na gyara shi, ban ji tambayar da take kwance a ƙarƙashinsa ba. Wannan nawa rabon ne a cikin abin da ya biyo baya, kuma ba zan ƙara maganarsa ba.

Kwana biyar matacin ya yi aiki yadda aka zana shi. Ruwan ya daina wari. Vandi yana da 'yar kwalba da magani mai sauya launi, wanda yake gwada gubar ruwa da shi, kuma kowace safiya launin yana nuna lafiya. Ya kira masu kiwon kifi biyu na unguwa ya nuna musu. Na ji ɗayansu ya ce masa Injiniya. Ban taɓa ganinsa yana tafiya a miƙe kamar a kwanakin nan ba.

A rana ta shida, namiji ɗaya ya ƙi cin abinci. A ta bakwai, wani farin tabo ya fito masa a baya, kamar an ɗiga masa ruwan toka, kuma gashin bakinsa ya fara guntulewa. A ta takwas ya tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, wasu biyu kuma suka bi shi. Vandi ya gwada ruwa, launin ya nuna lafiya. Ya sake gwadawa. Ya zuba gishiri. Ya daka shuwaka ya tace ya zuba, kamar yadda masu kiwo suke yi. Ya sayo garin magani ya kwaɓa da abinci, amma kifin da ba ya ci ba ya shan magani. Duk wannan lokaci famfo yana aiki, yana ɗaukar ruwa yana ratsa zobban da shi yana maido wa kifin, safe da yamma. Bai kashe shi ba, domin a ganinsa matacin ne kaɗai abin da yake daidai a gidan.

Da biyar suka mutu, ya kira wani likitan dabbobi. Mutumin ya duba gawar, ya buɗe durom na biyu, ya ɗebo zobe ɗaya, ya tambaya daga ina. Da ya ji, sai ya ce, "Baba, su wa suka zauna a ruwan nan kafin naka?" Vandi ya je ya zare wayar famfo da hannunsa.

Washegari ya koma Digil. Ƙauna ta bi shi, don ta ga yadda jijiyar wuyansa take harbawa, kuma ita ce ta ba ni labarin abin da aka yi. Azumi ya kama. Sun tarar da Alhaji Babakura a kan tabarma a ƙarƙashin darbejiya, kusa da kwamayensa da suka bushe. Ya tashi zaune, ya yi musu maraba, ya ba Ƙauna kujera.

"Alhaji," in ji Vandi, "ranar nan ka ce mini kifinka ya ƙare."

"Ya ƙare, Malam."

"Sayarwa ka yi?"

Alhajin ya ja carbinsa. "Wa zai sayi wannan? A bayan can muka haƙa rami."

"Nawa?"

"Duka. Cikin kwana goma. Fari-fari ya fito musu a jiki."

"Me ya hana ka ce sun mutu?"

"Malam, ka tambaye ni a gaban mutane. Mutum yana tsayawa a ƙofar gidansa ya ce dukiyata ta mutu? Na ce ya ƙare. Kowa a Digil ya san me nake nufi."

"Ni ba ɗan Digil ba ne."

"Kuma ba kifi na sayar maka ba. Dutse ne da roba. Dutse yana ciwo?"

"Yana ɗauka."

"Wallahi ban sani ba. Da na sani, da a ramin nan zan zuba su. Amma ka tuna, na ce maka bari a ɗauraye maka su, sun yi datti. Ka ce kar a taɓa. Har ka ce dattin kake so."

Ƙauna ta ce a nan ne Vandi ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba. Alhajin ya ce a dawo masa da kayan, zai karɓa, ya ce ya yi haƙuri, ya ce Allah ya mayar da alheri. Vandi ya ce ba zai mayar wa kowa da su ba, don kar a sake sayar wa wani. A hanyar dawowa, da suka kusa gari, ya ce, "Maman Mercy, da kin ɗora ruwan nan." Ta ce mini ita ba ta so gaskiyarta ta fito ta wannan hanya ba.

Na yi ta juya maganar Alhajin a raina, ina neman inda ƙarya take, ban samu ba. Bai faɗi abin da ba haka ba. Ya zaɓi kalmar da ba za ta kunyata shi ba, a harshen da ba nasa ba, ya faɗa wa mutumin da shi ma harshen ba nasa ba ne, wanda kuma ya zo da amsar da yake so ya ji. Da a Kanuri aka yi cinikin, harshen Alhajin, ko a Kamwe, harshen Vandi, mai yiwuwa ɗayansu ya ji nauyin kalmar. A Hausar kasuwa suka haɗu, inda kalma ɗaya take ɗaukar kaya uku don kowa yana sauri.

Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Vandi ya kwashe waɗanda ba su nuna tabo ba ya raba su a bahon wanka da manyan robobi, yana sauya musu ruwa da guga, ruwan da ya kamata a yi girki da shi. Mazan huɗu duk suka tafi. Matan suka rage uku, suka rage biyu. Kowace ta mutu yakan buɗe cikinta kafin ya binne, ban san dalili ba, ya tsaya yana kallon ƙwan, kore-kore, cike fal. Masu kiwon nan biyu da ya kira su ga mataci suka daina biyowa ta ƙofarsa, don tsoron kada su kwashi ciwon a takalmi. Ba su yi laifi ba. Amma na ji wanda ya ce masa Injiniya yana ba da labarin a shagon mai shayi, ana dariya, ya ce Baba Kwalba ya sayo annoba da kansa, har ya lulluɓa mata buhu kada rana ta taɓa ta.

Ɗaya ta tsira. Mace ce, ba babbar cikinsu ba, mai tsohon tabo a gefen kai. Ta yi kwana shida ba ta ci ba, a na bakwai ta karɓi abinci. Mercy, wadda take aikin jinya a Yola, ta yi waya ta ce a gasa ta a huta, Baba ya je a auna jininsa. Vandi ya ce zai je bayan ya gama. Ya ji labarin wani mai kiwo a Gella da yake da manyan maza, ya aika masa, mutumin ya amsa zai ba shi ɗaya in damina ta kusa. Mace ɗaya da namiji ɗaya sun isa a fara. Amma ba za ta rayu a baho har damina ba. Sai an maido da mataci, kuma sai an kashe duk abin da yake zaune a jikin zobban, mai amfani da mai cuta, a fara daga gidan da babu kowa, a jira sati shidan da ya ƙi jira.

Ya wanke kwamin da farin ruwan wanki, ya bar shi a rana. Ya kwashe zobban daga durom da ruwansu, ya mayar da su cikin jarkokin da ya kawo su. Ya ari babbar tukunyar da matan coci suke dafa shinkafar biki, ya kafa murhu a bayan gida. Zobban ba sa tafasuwa gaba ɗaya, domin na roba suna lanƙwashewa in wuta ta yi yawa, na tangaran kuma ƙofofinsu a toshe suke. Sai ya ware su, yana goge na tangaran ɗaya ɗaya da tsohon buroshin haƙori, ya tafasa, ya shanya a tabarma a jere, kamar yadda yake jera kwalabe a da. Ƙauna ta ce ya bari ta taya shi. Ya ce a'a, shi ya kawo su.

Zafin Maris a Mubi ba sai an faɗa ba, ga kuma murhu. Ranar Talata da hantsi na ji ƙarar buroshin ta kan katanga, na yi masa sannu da aiki.

"Saura jarka biyu da rabi, Malama," ya ce. "Kifin ya ci abinci yau."

Ban gyara masa ba. Wajen azahar Ƙauna ta fito kiransa ya sha ruwa, ta same shi a kife a gefen murhu. Kafin a sami mota ya cika.

Macen da ta tsira tana nan a bahon wanka. Ƙauna tana sauya mata ruwa da guga kowace safiya, ba don tana son sana'ar ba, sai don ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Mutumin Gella ya aiko sau ɗaya yana tambaya ko har yanzu ana son namijin, ba a ba shi amsa ba. Matan coci sun zo sun ɗauki tukunyarsu. Zobban da aka tafasa an naɗe su a tabarma an jingine a rumfa. Jarka biyu da rabi kuwa suna bayan gida inda ya bar su, a cikin ruwan Digil, kuma babu wanda ya yarda ya sa hannu a ciki.